Gwiwata da Gaisuwar Inna

Ni ban fara gudu don gyaran jiki ba, ban kuma fara don a ce ni 'yar boko ce ba, ko da yake an faɗa, an kuma maimaita. Tsoro ne ya fitar da ni. Hawan jini ne ya kayar da mahaifiyata tana tsaye a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya mutu, kuma ni na yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa. Ni nake juya ta, ni nake wanke ta, ni nake ba ta koko da cokali rabinsa yana dawowa ta gefen baki. Saboda haka ranar da ma'aikaciyar asibitin Dogon Dutsi ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta sake hura shi, ta ce madam tansiyonki ya hau, wato hawan jini, sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Na riga na ga ƙarshen wannan hanya da idona.

Ta ba ni magani, 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, irin waɗanda nake niƙa wa mahaifiyata a cokali. Ta ce in rage gishiri, in rage magi, in riƙa tafiya da ƙafa. Na fara da tafiyar. Bayan sallar asuba sai in sa wando a ƙarƙashin zane, in zura hijabi, in bi jar hanyar da ta zagaya bayan dutse, inda ba kowa sai masu amalanken jaki da matan da ke kawo nono gari. Tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu, ni kaina ban san ranar da aka yi canjin ba. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, to ni gudun gaske na yi, kowace safiya, ina da shekara arba'in da 'yan kai da 'ya'ya huɗu.

Magana kam an yi ta. Masu baburan haya, 'yan kabu-kabu, suna rage tafiya su tambaye ni wa ya biyo ni. A makarantar da nake koyarwa abokan aiki suka laƙaba mini 'yar tsere. Wata maƙwabciyata ta zo har ɗaki, ta rage murya, ta tambaye ni cikin tausayi ko maigidana ne ya ce na yi ƙiba. Duk ban sa a ka ba, domin awo yana sauka. Ciwon kan da ke tashina da safe ya tafi, barci ya dawo. Aka rage mini maganin, daga baya likita ya ce in ajiye shi gaba ɗaya, in dai riƙa zuwa ana dubawa. Ranar na yanka kaza, ba salla ba biki, yara suna ci suna tambayar wa ya haihu.

Da damina abin ya same ni. Ruwa ya zaizaye jar hanyar, ya bar ramuka. Ƙafata ta dama ta faɗa cikin wani, jikina ya juya ita ba ta juya ba, na ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwa. Na dawo gida ina ɗingishi, kafin azahar gwiwar ta kumbura. Maigidana, wanda sana'arsa sayen wake da gyaɗa ce, ya kira maɗori. Mutumin kirki ne, ya lalluba ya ce babu karaya, babu gocewa, wannan ba aikinsa ba ne. Muka tafi Dosso aka ɗauki hoton ƙashi, ƙashi lafiya lau. Daga nan aka tura ni wurin wata mata mai aikin gyaran gaɓoɓi, wadda a asibiti suke ce wa kine.

Ita ta fara yi mini bayanin da na gane. Ta ce tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi da ke zaune kamar gammo tsakanin kai da tulu, nawa ya ɗan tsage. Ta matsa cinyata da yatsa, ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya na yi ta layi, sai ta fara faɗa. Wai ina ta gudu shekara da shekaru ban taɓa ƙarfafa naman da ke riƙe da gwiwar ba. Na ji haushi, na ce mata ni da daka na tashi, tun ban kai tsawon taɓarya ba, ba wanda zai kira ni raguwa. Ta yi dariya ta ce daka ya ba ni dantse da baya, amma masu gadin gwiwa cinya ce da ƙugu, su kuwa nawa barci suke yi. Ta ce tsagewar ƙarama ce, tana iya lafawa ba sai an yi aiki ba, in na bi abu biyu. Na farko motsa jikin da za ta koya mini. Na biyu kada in naɗe gwiwar har ƙarshe da nauyina a kanta: ba tsuguno, ba durƙuso, salla ma a kan kujera, sai ranar da ita ta ce.

Wanda bai yi irin wannan jinya ba bai san cin rai ba. Gudu yana da daɗi, iska tana bugunka, gari yana wucewa. Wannan kuwa kwanciya ce a tabarma, an ɗaura maka safa cike da yashi a idon sawu, kana ɗaga ƙafa kana saukewa kana kallon rufin ɗaki. Sai jingina da bango a yi rabin zama ba kujera, har cinya ta kama rawa. Sai a ɗaura robar cikin taya a gwiwoyi a yi ta tafiya gefe-gefe a tsakar gida kamar agwagwa. Sai hawa bulo da sauka, hawa da sauka. 'Ya'yana mata suna leƙe ta taga suna ƙyalƙyala, har ƙaramar ta iya kwaikwayona. Na sa kafinta ya huda mini kujera saboda bayan gida, ya yi ta tambayar wace tsohuwa ce ba lafiya a gidanmu. Ina salla a kan kujera ina jin kamar ba a karɓa ba, duk da na san an karɓa. Ga shi kuma duk lokacin da na je awo sai in tarar ya ɗan ƙara hawa, tun da na daina gudun.

Amma na yi. Ko ranar da na tashi da baƙin rai na yi. Cinyata ta yi tauri har ni kaina ina taɓawa ina mamaki. Da na koma Dosso, kine ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya, ban yi layi ba. Ta ce to, in fara sassarfa a hanya mai laushi marar ramuka, miƙe, in gudu kaɗan in taka kaɗan. Durƙuso kuwa har yanzu a'a. Na tambaye ta yaya ƙafar da za ta yi gudu za ta kasa durƙuso. Ta ce a gudu gwiwa kaɗan take lanƙwasa, amma a durƙuso ƙasusuwan biyu suna matse daidai wurin da ya tsage, da dukan nauyina a kai, in kuma na juya a haka to na gama da shi. Maganar ta shige ni sarai. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne yadda za ta shigi mutanen ƙauyen maigidana.

Surukata tana zaune a wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa. Inna nake ce mata, kuma ba don kara ba. Lokacin da na haifi 'yata ta biyu mahaifiyata tana kwance, Inna ce ta bar gonarta ta zo ta yi mini wankan jego, ta dafa ruwa, ta dama kunun kanwa, ta kuma shiga ta taya ni juya mahaifiyata. Duk kaka sai ta aiko mini da kuka da daddawa da gujiya a ƙullin tsumma. Da ta ji ina gudu ba ta hana ba, ta dai aiko a gaya mini bayan dutse da sassafe hanyar iskoki ce, in riƙa yin sallama. A gidanta gaisuwa aiki ce. Za ka tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ka kai gwiwa biyu ƙasa, ka zauna a kan dugaduganka, ba ka tashi sai an gama tambayar kwana da gajiya da yara ɗaya bayan ɗaya da ruwa da mutanen Dutsi. Shekara ashirin ina yin haka ban taɓa jin nauyinsa ba.

Akwai wani miki a gidan da kowa ya sani. Autan Inna, wanda ke da shagon sayar da wayoyi a Dutsi, ya shiga cikin samarin nan masu wa'azi, ya ɗage wando, ya tsayar da gemu. Wata rana ya je ƙauye ya gaishe ta a tsaye, ya ce ba a durƙusa wa kowa sai Allah. Bai tsaya nan ba, ya shiga ɗakinta ya kwashe 'yan kayan da take ajiye wa doguwa, iskar gidansu, tun zamanin kakarta, ya zubar. Inna ba ta yi masa baki ba, amma ta yi wata guda ba ta cin abincin kirki. Tun daga ranar, duk wanda ya tsaya a kanta ya gaishe ta, fuskar autanta take gani.

Na san da wannan, shi ya sa zuwana na farko bayan ciwon na shirya maganata tun a mota. Na tuɓe takalmi, na sunkuya iyakar yadda baya zai kai, na dafa ƙirji, na ce Inna ki gafarce ni, gwiwata ce ta samu rauni, likita ta hana ni kai ta ƙasa. Ta ce Allah shi sawwaƙe, ta sa aka kawo mini turmi na zauna. A lokacin ina ɗingishi, kowa yana gani, ba wanda ya yi shakka. Na dawo gida ina cewa ashe abin da sauƙi.

Ana nan sai ranar wata kasuwar Dutsi, bayan kine ta sake ni. Ina sassarfata a gefen kwalta wajen gari, inda hanya take miƙe, sai ga motar ƙauyensu cike da mata da buhuna. Suka ɗago mini hannu, na ɗaga musu, har ina jin daɗi. Kafin la'asar labari ya kai wa Inna cewa an ga matar ɗanta tana falfala gudu a kan titi kamar budurwa. Sati biyu bayan haka muka je gaisuwar wata rasuwa, na sake gaishe ta a tsaye, na sake faɗin maganar likita. Wannan karon ba ɗingishi. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta amsa da ka, ba ta sa an kawo turmi ba.

Kaka ta zo ta wuce, ba kuka ba daddawa. In na kira wayar ƙanwar maigidana na ce a ba Inna, sai a ce ta shiga bayi, ko ta tafi gona, gonar da an riga an girbe. Ƙanwar tasa, wadda muke wasa da ita tun ina amarya, ita ta fasa mini ƙwai. Ta ce matarmu, ke ma fa kin san abin da ake faɗi, wai autan ya karance ki, ciwon gwiwa dabara ce irin ta 'yan lakwal, wato 'yan boko. Na yi mata bayanin gammo da tulu, na zana mata a ƙasa da tsinke. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ta yarda, amma in ita ce da ba za ta bari a gan ta tana gudu ba.

Wannan shawara na sha ta daga bakin mutum ya fi biyar. In daina gudun, ko in riƙa ɗan ɗingishi in na je ƙauye. Wato in ajiye abin da ya raba ni da ƙwayoyin nan, ko in yi wa tsohuwar da ta yi mini wankan jego wasan kwaikwayo. Na ƙi duka biyun, kuma har yau ban ga laifina a nan ba.

Ana wata ga wata. Wata ranar Juma'a autan ya zo gidanmu, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi, ya ce labari ya iske shi.

"Madalla, Yaya. Allah shi ƙara basira. Ba a durƙusa ma kowa sai Allah, ko uwa ta. Saura gudun ga na bisa hanya, shi ma ki bar shi, ba shi kamata ga mace."

Ina riƙe da ludayi a lokacin, kuma Allah ne ya riƙe hannuna. Na ce masa ni ba almajirarsa ba ce, da gwiwata lafiya take da na durƙusa wa uwarsa har goshina ya kusa ƙasa, gudu kuma likita ce ta sa ni, in yana da magani ya kawo. Ya ce shi dai ya faɗi gaskiya, ya tafi. Daga baya na ji ya je yana ba da misali da ni a majalisarsu, wai har matar wansa ta gane. Gaba kura baya siyaki ke nan: tsohuwa tana fushi da ni don na ƙi durƙuso, yaro yana yabona a kan abin da ban yi niyya ba, kuma duk su biyun ba wanda ya yarda cewa gwiwa ce kawai take ciwo.

Na tura maigidana ya yi mata bayani, tun da ɗanta ne. Ya je ya kwana, ya dawo jiki a sanyaye. Na matsa masa ya faɗa mini abin da ta ce, kalma da kalma. Ta ce: "Ƙahwar da ka gudu hab bakin dutsi, ita ta ba ta iya kai ƙasa gabana? Ku bar ni, na gane. Guda yat tahi, ga ta biyu."

Wannan magana ta fi ciwon gwiwar yi mini zafi. Na yi kuka, na kuma yi fushi, na rasa wanda zan yi fushin da shi. Maigidana mutum ne mai son a zauna lafiya ko da lafiyar ta ƙarya ce. Da ƙanwarsa ta haifi ɗa, aka sa ranar suna a ƙauye, ya fara lallashina tun ana saura kwanaki. Ya ce ai na warke, ga shi ina gudu, ina hawa bulo kamar soja. Ya ce sau ɗaya dai, in kai gwiwa ƙasa sau ɗaya a gaban Inna, in tashi, a wuce wurin. Na ce kine ta ce tukuna. Ya ce kine ba ta da suruka a ƙauyensu. Na kwana biyu ina juya abin. Cinyata ta yi ƙarfi, kumburi ya daɗe da tafiya. Na gwada a ɗaki a kan katifa, a hankali, ina dafe da gado, na ji ɗan tsiko kaɗan, na tashi lafiya. Na ce to, sau ɗaya.

Abin da ni da shi muka manta, shi don namiji ne, ni don ina so in manta, shi ne a taron suna ba a durƙuso sau ɗaya. Tsofaffin matan dangi suna zaune a rumfa a kan tabarmi, an jeru, Inna a tsakiya, yayyenta da ƙannenta da matan 'yan'uwan mijinta a kewaye. Na tuɓe takalmi, na dafa ƙasa da hannu biyu, na sauka a hankali a gabanta. Na ce Inna ina kwana. Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ɗora hannunta a kaina, ta fara tambayar yara da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

To amma wanda ya durƙusa wa Inna ba ya miƙewa ya gaida yayarta a tsaye. Haka na ja gwiwa zuwa ta kusa da ita, na gaishe ta, ita ma ta bi yara ɗaya bayan ɗaya. Na ja zuwa ta gaba. Gwiwar ta fara zafi, ina murmushi ina amsa lafiya lau. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi tsawonka yana nan, amma ba su ce komai ba a kan wanda ya kasa tashi. Ina gaban ta huɗu ko ta biyar sai wata gwaggon maigidana da ke bayana ta kira ni, ta ce ita ba a gan ta ba ke nan. Na juya in amsa mata, nauyina duka a kan dugadugai, gwiwa a naɗe. Daidai abin da kine ta ce kada in yi. Wannan karon ba ƙas na ji ba, ji na yi kamar an soka mini wuƙa an murɗa.

Na yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafar ta ƙi buɗewa. Ta maƙale a lanƙwashe, ba gaba ba baya. Mata biyu suka kama ni ta hammata suka ɗaga, ina cije leɓe don kada in yi ihu a gidan suna. Wata ta ce a kawo man shanu, wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wata ta ce ai dama an faɗa, bayan dutse ba wurin wasa ba ne. A bayan amalanke aka kai ni bakin kwalta, maigidana yana biye a kan babur, ya kasa haɗa ido da ni.

Kine ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta lalluba, ta gwada miƙe ƙafar, ta tambaye ni abin da ya faru. Na faɗa mata. Ta ce ita ma tana da suruka. Sa'an nan ta ce tsagewar ta ƙaru, wani ɓangare ya naɗe ya shiga tsakanin ƙasusuwa, wannan ya wuce robar taya da safar yashi, sai an yi aiki a Yamai. Ko an yi, ba ta yi mini alkawarin gudu ba.

Har yanzu ina jiran aikin. An sa rana an ɗaga, an sake sawa an ɗaga. Ƙafar ta ɗan saki, ina zuwa makaranta a kan kabu-kabu, masu tambayar wa ya biyo ni yanzu su ke ɗaukata, suna yi mini sannu. Ina nan ina ɗaga safar yashi a tabarma, domin kine ta ce cinya mai ƙarfi ta fi saurin farfaɗowa bayan aiki, amma yara sun daina leƙe, abin ya daina ba su dariya. Takalman gudun babbar 'yata ce take sawa ranar wasanni. Da na koma awo, ma'aikaciyar nan ta hura abin sau biyu kamar ranar farko, ta buɗe aljihun tebur ta ciro mini fararen ƙwayoyin nan. Ƙwayoyin suna nan a kan taga kusa da buroshin haƙorina, ina haɗiyar ɗaya kowace safiya daidai lokacin da a da nake ɗaura igiyar takalmi. Wani lokaci in hannuna na dama ya yi sanyi don na kwanta a kansa, sai in tashi zaune in yi ta motsa yatsu ina ƙirga su.

Kuka da daddawa sun dawo. Har da zuma a kwalba, da wani garin magani da aka ce in kwaɓa in shafa. Autan ya daina ba da misali da ni, na ji ya ce na koma gidan jiya. Da ƙaramar salla muka je ƙauye, ina dogara sanda. Tun daga zaure Inna ta hango ni, ta tashi da kanta, tsohuwa mai ciwon baya, ta jawo kujera 'yar tsugune, ta ga ta yi ƙasa da yawa, ta mayar, ta mirgino turmi ta kifa, ta shimfiɗa masa zanenta. Wata baƙuwa ta buɗe baki za ta yi magana ganin na zauna ban durƙusa ba, Inna ta tare ta, ta ce a bar ɗiyarta, ƙafarta ba ta lanƙwasuwa, kowa ya sani. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwar, tana shafawa a hankali, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe haka ciwon ga yake, ɗiyata," in ji ta. "Mi yah hana ki hwaɗa min tun hwarko?"

Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Na dubi hannunta a kan gwiwata. Na ce, "Ba komi, Inna. Ya yi sauƙi."